Tarihin Yaƙi da Bango: Yadda Masana Suka Koyi Riƙe Wutar Rana a Tukunya

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna ba, na wata tukunya ce.

Ina yaro a Batsari, kakata in ta sayi sabuwar randa ba ta yarda a sha ruwan farko. Sai ta cika ta, ta bar ta ta kwana. Da safe ruwan ya ragu, domin yumɓu ya sha nasa. Da na girma na yi karatu, sai na tarar irin wannan matsala ce ta shekara sama da 60 tana wahalar da masu neman lantarki daga haɗa ƙwayoyin zarra.

Ga yadda abin yake. Rana tana ba da zafi ne saboda ƙwayoyin haidurojin suna haɗewa a cikinta. Don a kwaikwayi haka a duniya, sai an dafa iskar haidurojin ta wuce digiri miliyan 100, ta koma abin da ake kira filasma. Babu ƙarfen da zai jure wannan zafi, shi ya sa ake rataye ta da maganaɗisu a cikin na'ura mai siffar zobe, wato tokamak. To amma riƙon ba ya cika. Wasu ƙwayoyin suna sulalewa su bugi bango, su huce, su dawo ciki a matsayin iska mai sanyi. Wasu kuma bangon ya shanye su, can daga baya ya amayo su lokacin da ba a so. Kamar kana hura wuta ne wani yana yayyafa mata ruwa.

Tun a 1951 Lyman Spitzer na Jami'ar Princeton a Amurka ya kawo shawarar a yi wa tasa na'urar wani irin indararo: maganaɗisu ya karkatar da ƙwayoyin da suka tsere zuwa wani lungu daban, famfo ya zuƙe su kafin su koma. A 1968 Tarayyar Sobiyet ta sanar da sakamakon na'urarta T-3. Turawan Yamma suka yi shakka, sai da masana daga Culham a Ingila suka je suka auna da kansu a 1969, suka tabbatar. Daga nan kowa ya koma gina tokamak.

Amfanin indararon ya fito fili a 1982, a na'urar ASDEX da ke Garching a Jamus. Friedrich Wagner ya ga filasma ta shiga wani yanayi da take riƙe zafi kusan ninki biyu. A 1986 kuma masu na'urar TFTR a Princeton suka gano cewa in aka fara wanke bangon da filasmar hiliyam, ya fitar da abin da ya sha, to in an kunna sai ya riƙa tsotse ƙwayoyi maimakon ya mayar da su. Nan dabararsu ta saɓa da ta kakata: ita so take randa ta ƙoshi, su kuma so suke bango ya kwana da ƙishirwa. Suka ƙara da shafa masa litiyam, a 1994 suka samu megawat 10.7.

Sai wata matsala ta taso. Bangon kabon yana cinye tiritiyam, mai ne mai tsada da ƙaranci, ga haɗari in ya taru. Don haka a 2011 na'urar JET ta Ingila ta koma da bangon beriliyam da tongistin, abin da bango ke riƙewa ya ragu fiye da ninki goma. A Disambar 2021 ta samar da megajul 59 cikin daƙiƙa biyar. A Fabrairun 2025 na'urar WEST a Faransa ta riƙe filasma sama da minti 22.

Gaskiya ɗaya ce: har yau babu tashar irin wannan da ke ba wani gari wuta. Na'urar nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, fasa zarra take yi, ba haɗawa ba, kuma ta bincike ce. Mutumin Safana da ke biyan kuɗi a shago don cajin waya ba gobe zai ga wannan wuta ba.

To me ya kawo maganar? Saboda ba a gama rubuta tarihin ba. ITER da ake ginawa a kudancin Faransa har yanzu tana fama da batun bango, ta ma yanke shawarar barin beriliyam ta koma tongistin gaba ɗaya. Ƙanwata da ke ajin kimiyya ta taɓa tambayata amfanin karatun fiziks ga 'yar ƙauye. Amsata ke nan: wanda ya fahimci dalilin da ruwan sabuwar randa ke raguwa ya riga ya kama bakin zaren tambayar. Saura littafi, malami da zaman lafiyar da za a yi karatun, kuma waɗannan haƙƙinmu ne mu nema.

Ku turo ra'ayoyinku.