Daga Zauren Malami Zuwa Jami'a: Tarihin Koyar da Maganin Gargajiya a Ƙasar Sin

Ɗalibin da ke neman digiri na biyu a fannin maganin gargajiya na Sin yakan tambaya wace makaranta ta fi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa amsar tana cikin tarihin makarantun, domin wannan ilmi ta hanya biyu ya iso mana, hanyar fada da hanyar almajirci.

Hanyar fada daɗaɗɗiya ce. A shekarar 624 daular Tang ta tsara ma'aikatar likitocin sarki, mai sassa huɗu: magani, da tsira allurai a jiki, da tausa, da tofi. Tana da lambun tsirrai inda samari ke koyon shuka su da sarrafa su, kuma mai koyon cututtukan ciki sai ya yi shekara 7. A 1027, zamanin daular Song, Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla masu nuna guraben allura. An ruwaito cewa akan shafe su da kakin zuma, a cika su da ruwa. In ɗalibi ya soki daidai, sai ruwa ya fito. Amma mafi yawan masu magani ba su taɓa shiga fada ba. Gado suka yi, ko kuwa sun zauna gaban malami shekara da shekaru. Li Shizhen, wanda ya kammala kundin magunguna 1,892 a 1578, a hannun mahaifinsa ya koya.

A ƙarni na 20 ilmin ya kusa rasa matsayinsa. A watan Fabrairu na 1929 majalisar lafiya ta gwamnatin Nanjing ta amince da ƙudurin Yu Yunxiu, likitan da ya yi karatu a Japan, na a kawar da tsohon magani, a kuma hana buɗe makarantunsa. Ranar 17 ga Maris masu sana'ar suka yi gangami a Shanghai, ƙudurin bai kai ga aiki ba. Darasin da suka ɗauka shi ne, ilmin da ba shi da makaranta da shahada ba ya da mai kare shi gaban hukuma.

Saboda haka tsarin yau sabo ne. A 1955 aka kafa cibiyar bincike a Beijing, a 1956 kuma aka buɗe kwalejoji huɗu a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu. Manhajarsu ta haɗa tsoffin littattafai da kimiyyar jiki ta zamani. Sai a 1978 aka fara ɗaukar ɗaliban digiri na biyu. To amma aji bai maye gurbin malami ba, domin a 1990 gwamnati ta fito da shirin haɗa dattawan masu magani da almajirai, don kada su tafi da abin da suka sani.

Tarihin Tu Youyou ya nuna amfanin haɗa hanyoyin. Ta yi karatun haɗa magunguna na zamani, daga baya ta koyi na gargajiya. A littafin Ge Hong na ƙarni na 4 ta ga ana jiƙa wani tsiro, dangin tazargade, a ruwa a tace, ba a dafa shi. Ta fahimci cewa zafi na lalata ƙarfinsa, kuma a 1971 ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba. Daga nan aka sami atemisinin, tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitocinmu ke bayarwa. Ta sami kyautar Nobel a 2015.

Ke nan mai zaɓe ya bincika abu uku kafin sunan makaranta ya ruɗe shi: ko tana da asibiti da malamin da zai zauna da shi gaban majiyyaci, ko tana karantar da tsoffin littattafai a harshensu na asali, da kuma ko tana da ɗakin gwaji da ke iya ƙaryata abin da littafin ya faɗa. Wannan ma'auni ya dace da masu son a shigar da maganin Hausawa jami'a.