Alfadari a Cikin Kwabbai: Tarihin Kuskuren Bugu a Kwabo Mai Huji

Kafin zuwan Turawa, wuri ne abin ciniki a ƙasar Hausa, kuma ɗalibi zai so ya san cewa kalmar "kuɗi" kanta asalinta jam'in "wuri" ce. A shekarar 1907 aka fara bugo kwabo da anini domin Nijeriya. A 1912 kuma aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya ga ƙasashe huɗu da ke hannun Ingila: Nijeriya, da Gwalkwas (wato Ghana ta yau), da Saliyo, da Gambiya. Da haka kwabon da aka sayi goro da shi a Kumasi yana iya kwana a aljihun falke a Kano. Anini goma ne kwabo, kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Sunan "kwabo" an aro shi ne daga kalmar Ingilishi mai nufin jan ƙarfe, alhali kuwa wannan kwabon fari ne, gamin jan ƙarfe da nikel, bai koma tagulla ba sai a 1952.

Wanda zai gane kuskure dole ya fara sanin daidai. Kwabo mai huji fuska biyu gare shi. A ta farko akwai kambin sarauta a saman hujin, da sunan sarkin Ingila kewaye, da darajar kuɗin cikin boko da haruffan Larabci. A ta biyu akwai tauraro mai tsini shida, da sunan yankin, da shekarar bugu. Babu hoton sarki ko kaɗan, domin huji ya cinye wurin da kansa zai zauna. Kowace fuska tana da nata tambarin ƙarfe. Ana sa ɗan faifan ƙarfe tsakanin tambura biyun, inji ya danne shi da bugu ɗaya. Mafi yawan wannan aiki ba a Afirka ake yin sa ba. Wani a Landan ake bugawa, wani kuma ana ba da kwangilarsa ga masana'antu biyu na Birmingham, kowace da alamarta: harafin H na gidan Heaton, KN kuma na King's Norton. Kwabon Landan ba ya ɗauke da harafi.

Idan ma'aikaci ya haɗa tambura biyu waɗanda ba abokan juna ba, sai a sami kuɗin da masu tara tsofaffin sulalla suke kira alfadari, don uwa daban, uba daban. Sunan ya dace ƙwarai, kuma kwabon nan ya haifi alfadarai uku da suka yi suna.

Na farko na shekarar 1936 ne. A watan Janairu na wannan shekara Edward na Takwas ya gaji mahaifinsa Joji na Biyar, a watan Disamba kuma ya sauka daga gadon sarauta don ya auri Wallis Simpson. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba. Amma kuɗi masu huji ba sa jiran mai zane, suna kawai za a canza, saboda haka Afirka ta Yamma da ta Gabas da Fiji da Niyu Gini suka kashe kuɗi mai sunan sarkin da bai cika shekara ba. A cikin wannan aiki ne gidan Heaton, wanda ke buga wa yankunan Afirka biyun, ya haɗa fuskar santi goma ta Afirka ta Gabas da bayan kwabon Afirka ta Yamma. Girmansu kusan ɗaya ne, dukansu da huji, dukansu da kambi. Sai ga kuɗi yana cewa santi goma a gaba, a baya kuma yana cewa shi na ƙasar da ba ta san santi ba ne. A ganina babu shaidar da ta fi wannan nuna yadda ake kallon ƙasashen mallaka daga nesa: Legas da Mombasa, tambura biyu ne kawai a ɗaki guda.

Sauran biyun shekara ce ke tona musu asiri. Akwai kwabon 1945 mai sunan Edward, shekara tara bayan saukarsa. Tsohon tambari ne da ya kamata a ce an jingine shi aka sake ɗaurawa. Wannan yana da wuyar samu matuƙa. Akwai kuma na 1956 mai sunan Joji na Shida, wanda ya rasu tun Fabrairun 1952, a lokacin da 'yarsa Elizabeth take shekara ta biyar a kan gado. Da akwai hoto, da kowane mai duba aiki ya ga gemu ko rashinsa, ya ga namiji inda ya kamata a ga mace. Amma rubutun Latin ne zagaye da huji, kuma wa zai tsaya karanta shi a kan kwabo dubu dubai? Mai talla da aka ba canji, ita ƙara da nauyi ta sani.

To, mai neman irin waɗannan a yau, ko a cikin adakar kaka ko a wurin masu sayar da kayan da, aikinsa na farko shi ne ya karanta fuska biyun a tare, ya auna sunan sarki da shekara. Edward na Takwas ba shi da hurumi sai 1936. Joji na Shida daga 1937 zuwa 1952. Sa'an nan ya nemi harafin masana'anta da gilashin ƙara girma, don ɗan mitsitsi ne, kuma dauɗa kan rufe shi.

Akwai ƙananan kurakurai da suka fi waɗannan yawa: huji da ya karkace gefe, ko bugun da ya zame har rabin rubutu ya fita, ko siririn layi da ya tashi a kan fuska saboda tambari ya tsage. A nan ne ake yawan ruɗuwa, domin kwabo ya sha wuya bayan ya bar Ingila. An zira shi a igiya, an ɗinka shi a kayan ado, yara sun buga shi da dutse. Ka'idar ita ce, tsagar tambari tana fitowa sama kamar jijiya, ƙarzuwa kuwa tana nutsewa ciki. Haka kuma ana iya raba kwabbai biyu a manne su don a ƙirƙiri alfadarin ƙarya. Irin wannan akan ga layin haɗi a bakinsa, kuma in an sake shi a kan siminti ƙararsa a dushe take fita. Duk abin da aka samu, kada a goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Masu saye sun fi son baƙin da shekaru suka bari, kuma gogewa takan tafi da ɗan harafin da ake nema.