GADAR DUTSE DA HANYAR GAWA A DARTMOOR

A yau ina so mu ɗan ajiye zancen soyayya da na kishiya, mu leƙa wata ƙasa mai nisa, mu ga yadda talakawan da suka yi fama da ruwa.

A kudu maso yammacin Ingila, cikin yankin Devon, akwai wani tudu da ake kira Dartmoor. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 954. Kada ki ji an ce Ingila ki ɗauka ko'ina benaye ne da fitilu. Ina! Wannan wuri daji ne fetal, ba itatuwan kirki, sai ciyawa da duwatsu da taɓo mai haɗiye ƙafa, ga hazo, ga ruwan sama kusan kullum. Amma duk da haka mutane sun zauna a cikinsa tun fiye da shekaru 3,000 da suka wuce, don har yau a wani wuri mai suna Grimspound ana ganin kufan ɗakuna 24 na dutse, an zagaye su da katanga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gadojinsu. Ba siminti, ba ƙarfe, ko laka babu. Sai su jera duwatsu a tsakiyar rafi su yi ginshiƙi, sannan su jawo ƙaton falalen dutse su shimfiɗa a kai, shi ke nan gada ta samu. Nauyin dutsen kawai ke riƙe da ita. Wadda ta fi suna tana ƙauyen Postbridge, a kan kogin East Dart. Masana na kyautata zaton a ƙarni na 13 aka gina ta, kuma kowane falale ya haura mita 4 a tsayi, nauyinsa wajen tan 8. Ke da kike neman mai kama miki tukunyar biki, ki ƙiyasta hannu nawa suka taru a kan wannan aiki.

Me ya ja su ga wahalar? Neman abinci. Ƙasar tana da kuza, irin wadda muka sani a Jos. Sai a ɗora ta a bayan ƙananan dawakai a kai garuruwa irin su Tavistock, inda ake auna ta a karɓi haraji. Shi ya sa gadar ba ta da faɗin mota, daidai doki da kayansa ce. Da aka zo zamanin keken doki, a shekarun 1780 aka gina sabuwa a gefenta, tsohuwar kuwa tana nan ba ta gusa ba.

To amma fa ba kuza kaɗai ke ƙetare ruwan nan ba, har da gawa. Manoman da ke tsakiyar dajin, doka ta ɗora musu su kai mamatansu cocin garin Lydford a binne. Haka za su saɓa akwatin gawa a kafaɗa su yanki daji, ta wata hanya da har yau ake kira Lych Way, wato hanyar gawa. Ki duba halin matar da mijinta ya rasu ana tsakar ruwa, kogi ya cika ya batse, masu ɗauka na ta kewaye suna neman mashigi. Da abin ya ishi mutanen ƙauyukan Babeny da Pizwell sai suka kai kuka, aka lissafa cewa tafiyar mil 8 ce in gari ya yi kyau, in kuwa ya ɓaci ta zama mil 15. A shekarar 1260 Bishop Bronescombe na Exeter ya yarje musu su koma cocin Widecombe da ya fi kusa. Ko a can ɗin ma sai an hau tudu, har akwai wani dutse kusa da Dartmeet inda ake sauke akwatin a huta, an sassaƙa harufan sunayen wasu mamatan a jikinsa.

Ba dukkan gadojin ne suka tsira ba. Ta Dartmeet ambaliya ta ci ta a 1826, sai ɓurɓushi. A 1951 aka mai da Dartmoor gandun da hukuma ke karewa, yanzu baƙi ke zuwa suna ɗaukar hoto a kan duwatsun da ada ake takawa da hawaye.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mun san sunan Bishop da shekarar da ya sa hannu, amma waɗanda suka ja tan 8 na dutse cikin ruwan sanyi, ko ɗaya ba a rubuta sunansa ba. Sarakuna nawa aka yi a Ingila suka shuɗe, aikin talakan nan yana ɗaukar mutane har gobe. Don haka 'yar uwa, in kin wayi gari kina ganin wahalar da kike yi a gida ba mai lura, ki tuna ba kowane aiki mai ƙarko ne ake rubuta sunan mai shi a jiki ba.

Sai mun haɗu a shafi na gaba. Ku huta lafiya.