Daga Arnold zuwa Big Ramy, daga Kantu zuwa Issaka Issaka: gardamar na da da na yanzu



Satin da ya wuce na zo gida, bayan la'asar na zauna a wata fadar samari a unguwarmu ana dafa shayi. A gefe suna da ƙarfen ɗagawa irin namu: manyan gwangwanayen tumatir biyu an cika su da siminti, an soka guntun ƙarfe a tsakani. Wani yaro da bai wuce shekara 19 ba ya miƙa ma wani dattijo wayarsa, ya ce: "Baba, dubi ƙarshen ƙarfi." Hoton Big Ramy ne, ɗan Masar da ya ci gasar Mista Olimpiya a 2020 da 2021. Dattijo ya ƙura ido, ya mayar da wayar ya ce: "Wanga ai buhun albasar Galmi ne aka ɗora ma kai. Da Kadade ya riƙe shi, ƙasa za ya sha." Yaro ya ce: "Baba, mutanenku na da ai yunwa ce ta sassaƙe su." Aka fashe da dariya, aka koma shan shayi. Ni kuma maganar ta bi ni har wurin aiki, don gardamar da suka yi ita ce Turawa masu gina jiki suka daɗe suna yi tsakaninsu, kuma tana da tarihi.

Mu fara da nasu. Wanda ake ɗauka uban wannan sana'a shi ne Eugen Sandow, Bajamushe da ya zauna Ingila. A 1901 ya shirya babbar gasa a Landan, inda ake duba kyawun ƙirar jiki maimakon nauyin da mutum ke iya ɗagawa. Har yau ɗan gunkin da ake ba wanda ya ci Mista Olimpiya siffar Sandow ce. Bayansa aka yi Steve Reeves, wanda ya zama gwarzon Amurka a 1947, daga baya ya fito a fim ɗin Hercules. Tsawonsa mita 1,85, nauyinsa bai kai kilo 100 ba. Kafaɗa mai faɗi, ƙugu siriri, ciki a shafe. In ya sa riga ya shiga kasuwa, cewa za a yi ga wani kyakkyawan ƙato, shi ke nan.

Joe Weider ne ya kafa Mista Olimpiya a 1965. Larry Scott ya ci ta farko. Sai Sergio Oliva ɗan Kuba daga 1967 zuwa 1969, sannan mutumin da duk muka sani a gidajen kallon bidiyo da sunan Kwamando, wato Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci sau shida a jere daga 1970 zuwa 1975, ya dawo ya ƙara ta 1980. Arnold na da mita 1,88, yana hawa dandali da kusan kilo 107. Bayan ya janye, Frank Zane ya ci sau uku daga 1977 zuwa 1979, kuma bai kai kilo 90 ba. A yau mai wannan nauyin ko kusa da layin gaba ba za a tsayar da shi ba a babban aji.

Ku riƙe shekarar 1975. A shekarar nan aka yi gasar a Pretoriya ta Afirka ta Kudu, lokacin mulkin wariyar launin fata, inda Serge Nubret, baƙar fata ɗan Gwadalup mai jin Faransanci, ya zo na biyu bayan Arnold a ajin masu nauyi. Ita aka ɗauka a fim ɗin Pumping Iron da ya fito a 1977 ya yaɗa wannan wasa a duniya. A cikin wannan shekara ta 1975, nan Tawa, gwamnatin Seyni Kountché ta shirya kokowar neman takobin ƙasa ta farko, Yakuba Kantu na Maraɗi ya tahi da takobi. Zamanin zinariyar su da namu tare suka kama. Zan dawo ga kokowa.

Daga nan jikin nasu ya fara kumbura. Lee Haney ya ci sau takwas daga 1984 zuwa 1991, shi ne gada tsakanin zamani biyu. Dorian Yates na Ingila, 1992 zuwa 1997, ya zo da wani irin baya mai kauri da ba a taɓa gani ba, alƙalai suka ba shi, kowa ya gane inda aka dosa. Ronnie Coleman ya ci sau takwas daga 1998 zuwa 2005. Ya fi Arnold gajarta da santimita takwas, amma a 2003 ya hau dandali da kusan kilo 130. Kuɗin ma haka suka hau: daga dala 1.000 ta Larry Scott zuwa dala 600.000 da Samson Dauda, haifaffen Legas mai zama Ingila, ya karɓa a 2024.

Akwai wata magana da masu yabon na da ba su son ji: na da ɗin ma sun sha magani. Ƙwayar Dianabol ta shigo kasuwar Amurka tun 1958, kuma Arnold da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da irin waɗannan sinadarai, lokacin doka ba ta matsa a kansu ba, sai a 1990 Amurka ta tsananta. Bambancin yana ga yawa da kuma haɗi. Na baya sun ƙara da sinadarin girma, da insulin ta masu ciwon suga, da maganin da ke zuƙe ruwan jiki kwana kaɗan kafin gasa don tsoka ta fito kamar an zana. Shi ya sa za ka ga mutum ba kitse ko kaɗan, amma tumbi ya turo gaba kamar mai juna biyu. Kuma an biya diyya. Mohammed Benaziza, haifaffen Aljeriya mai wakiltar Faransa, ya rasu a Holan a 1992 'yan awoyi bayan ya ci gasa, yana da shekara 33. Andreas Münzer ya rasu a 1996 yana da 31. Shawn Rhoden, gwarzon 2018, ya rasu a 2021 yana da 46. Coleman na raye, amma an yi mishi aikin baya da na ƙugu sau da yawa, da sanduna yake tahiya. Abin ya kai masu shirya gasar da kansu suka buɗe wani aji a 2016 da suka kira na ƙirar da, inda aka ƙayyade nauyi daidai da tsawon mutum. Chris Bumstead ɗan Kanada ya ci shi sau shida, kuma a intanet ya fi yawancin ƙattin babban aji masoya.

Ni abin da na fahimta a wannan tarihi shi ne, jikin ɗan wasa yana bin abin da alƙali ke biya. Da alƙalai na biyan ƙugu siriri, an samu Zane. Da suka koma biyan girma, an samu Coleman. Ba halin mutane ne ya lalace ba, ma'auni ne aka sake.

To, mu dawo hilin kokowa. Ni ban ga Kantu da idona ba, ba a haife ni ba. A bakin mahaifina na san shi, shi da Kadade namu na Tawa, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Langa-Langa na Damagaram. Yau filayen kokowar Maraɗi, Doso da Damagaram sunayen Kantu, Salma da Langa-Langa suke ɗauke da su. Ina aka gina jikin waɗannan mutane? A gona. Noma da hauya, jan guga a rijiya mai zurfi, sassabe, ɗaukar dami, tahiyar ƙasa daga gari zuwa gari bayan kaka don biɗar abokin karawa. Mu 'yan Adar ma ba sai an yi muna bayani ba, ƙasarmu ta dutse ce. Wanda ya ga yadda iyayenmu, galibi mata, suka yi ta jidar duwatsu a aikin Projet Keita tun daga 1984 ya san inda ƙarfin wuya da na baya ke fitowa. Abincin ɗan kokowa kuwa fura da nono, tuwon hatsi, wake, nama in uban gida ya yanka. Jikin da wannan ke bayarwa ba ya cika hoto. Damtse ba ya kumbura sosai, amma yatsu kamar awartaki, ƙugu da cinya kamar turmi.

Su ma kada mu mai da su waliyyai. Ɗan kokowar da ba ya shiga hili sai da layu, da guru, da kambu, da rubutun sha, da wankan magani, kuma har gobe ana yi. Kowane zamani da abin da yake nema bayan ƙarfin Allah da ya ba shi. Sai dai laya ba ta kashe ƙoda.

Na yanzu fa? Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan a kowace gasa. Akwai masu horarwa, ana killace su kafin tahiya, suna gudu, suna ɗaga ƙarfe, ana kallon bidiyon abokin karawa a waya don a gane inda yake da rauni. Wanda ya ci na samun takobi, da doki, da rawani, da miliyoyin sefa, ban da kyaututtukan 'yan kasuwa. Dattawa na cewa kokowar yanzu ta cika riƙe-riƙe da jan lokaci, yara na tsoron kaye saboda kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, na sha gabatar da shiri ina jin masu saurare na wannan ƙorafi. Amma Kadri Abdu, wato Issaka Issaka na Doso, ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, abin da babu wani na da da ya yi. Kuma ku dubi jikinsa. Ba shi ne ya fi kowa girma a hili ba, ya sha kada waɗanda suka fi shi nauyi, tunda a neman takobi ba a raba mutane aji-aji kamar yadda ake yi a gasar CEDEAO. Wayo ne, da sauri, da sanin lokacin da ƙafar abokin karawa ta yi sauƙi.

Nan ne muka yi sa'a. Alƙalin mai gina jiki ido ne, shi kuwa ido ba ya ƙoshi, bana ya ga ƙato, baɗi ya nemi wanda ya fi. Alƙalin ɗan kokowa ƙasa ce. In bayanka ya taɓa ta an gama, ko ƙirjinka ya kai ƙofar zaure. Shi ya sa shekara 50 bayan Kantu, jikin sarkin kokowar Nijar bai yi nisa da na Kantu ba, alhali tsakanin Zane da Big Ramy akwai sama da kilo 40. Ba na cewa mun tsira har abada. A Senegal, tun da Mohamed Ndao da ake kira Tyson ya kawo salon ɗakin motsa jiki da manyan kuɗi a shekarun 1990, 'yan kokowarsu suka yi ta nauyi, kilo 120 ya zama ba abin mamaki ba, kuma maganar shan ƙwayoyi ta shiga bakin jaridunsu. Inda kuɗi suka tahi, nan jiki ke bi.

Damuwata ba 'yan neman takobi ba ne, yaran fada ne. Su ba ƙasa ke yi musu alƙalanci ba, hoto ne a Facebook da TikTok, wato ma'aunin Big Ramy suka ɗauko. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara da ƙarafunansu, ya san ba a garinmu kaɗai ba ne. Ɗaga ƙarfe a kansa ba laifi ba ne, ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce gaggawa. Mai gina jiki a Amurka na cin nama da ƙwai sau biyar ko shida a yini. Yaron da ke cin tuwo da miyar kuka sai ya ga wata uku ba canji, sai a ce mishi ga gajerar hanya a faranti mai tallar magani.

Abin da ake sayar musu mafi yawa shi ne deksametazon, wanda ake ce ma deksa, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki irin su Super Apeti. Ku ji da kyau: deksa ba ta gina tsoka ko ƙwaya ɗaya. Magani ne na likita, na kumburi da asma da wasu cututtuka. In aka daɗe ana sha, tana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da ƙeya, tana cinye tsokar cinya da ta damtse, tana raunana ƙashi, tana tada suga da hawan jini, tana rage garkuwar jiki. Mutum na ganin ya cika a madubi, alhali ƙarfinsa raguwa yake. Kuma wanda ya daɗe a kanta bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai likita ya riƙa rage mishi sannu-sannu, in ba haka ba yana iya faɗuwa. Waɗanda ke samo ainihin allurar gina tsoka daga waje su ma ga nasu: zuciya, hanta, da ƙwayar haihuwa da ke iya ɗaukewa, ga saurayin da ko aure bai yi ba.

Yaron nan mai wayar, fuskarsa na lura da ita tun ina zaune, ta yi zagaye kamar faifai, alhali a bara siriri ne. Da za ni tashi na ja shi gefe na ce: "Ƙanena, me kake sha?" Ya yi shiru, sannan ya ciro ƙullin leda daga aljihu, ƙananan ƙwayoyi farare, ya ce kullum uku, wata huɗu ke nan. Na ce kada ya bari yau, kada kuma ya ƙara, gobe mu tahi likita tare. Ya ce kunya yake ji, kada abokai su ji labari. Da safe na zo da babur na tarar da shi tsaye a bakin hanya, nesa da fada, ya rufe kai da rawani. Likita ya auna shi, jininsa ya hau, ya rubuta mishi yadda za ya rage, ya ce ya dawo bayan sati biyu. A hanyar dawowa ya tambaye ni ko za ya iya ci gaba da ɗaga gwangwanayen simintinsa. Na ce wannan ma sai mu tambayi likita in mun koma.