Gyaran Gida a Birnin Accra: Yaushe Ake Buƙatar Izinin Gini?

'Yan'uwa da dama daga Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Fadama suna yawan tambayarmu: mutum da gidansa, ya saya da kuɗinsa ko ya gada daga iyaye, shin sai ya nemi izinin hukuma kafin ya ƙara ɗaki ko ya ɗora bene? Amsar a taƙaice ita ce: e, a mafi yawan ayyukan da suka shafi jikin gini. Mallakar fili daban, izinin gini daban. Ga bayanin yadda abin yake.

Abin da doka ta ce

Dokoki biyu na shekarar 2016 ne ginshiƙin wannan al'amari a Ghana: Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi mai lamba 936, da Dokar Amfani da Ƙasa da Tsara Garuruwa mai lamba 925. Ma'anarsu a dunƙule ita ce, ba a yin gini ko sauya fasalinsa sai da rubutaccen izini daga majalisar yankin da ginin yake, wato Asambili. Wannan takarda ita ce jama'a ke kira famit.

A lura cewa a shekarar 2018 an rarraba tsohuwar majalisar birnin Accra, aka fitar da sababbin majalisu. Nima yanzu tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma Ayawaso ta Arewa. Don haka kowa ya fara tabbatar da majalisar da gidansa ya faɗa cikinta, kada ya kai takardunsa inda ba hurumi.

Ayyukan da sai da izini

Na farko, ƙarin ɗaki, ko shago a gaban gida, ko banɗaki a tsakar gida. Na biyu, ɗora bene a kan tsohon gini. Na uku, rushe bangon da yake ɗauke da nauyi, ko taɓa ginshiƙai. Na huɗu, jan katanga. Na biyar, rushe gini don a tayar da sabo. Haka nan kiyos da kwantena da ake ajiyewa a bakin hanya, su ma suna da nasu izinin na wucin gadi.

Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi: sauya amfanin gida. Wanda ya mayar da gidan kwana makaranta, ko masallaci, ko asibiti, ko wurin sana'a, sai ya nemi izini ko da bai ɗora bulo ɗaya ba. Dalili shi ne, ɗakin da aka gina don mutum biyar su kwana ba daidai yake da ɗakin da yara sittin za su zauna a ciki ba, ta fuskar iska, ƙofar fita idan gobara ta tashi, da nauyin da daɓen sama zai ɗauka. Kwamitocin masallatai da malaman makarantu su riƙe wannan da kyau.

Ayyukan da ba a saba neman izini ba

Fenti, yaɓe, sa tayil, gyaran famfo, canza ƙofa ko taga a gurbinta, da sauya kwanon da ya ruɓe da irinsa, duk kula da gida ne na yau da kullum. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan aikin zai ƙara wa gini girma, ko tsawo, ko nauyi, ko ya sauya amfaninsa, to a je Asambili. Idan aka yi kokwanto, tambaya a ofishin ayyuka ba ta cin kuɗi.

Yadda ake nema

Ana sayen fom a majalisa, a haɗa da shaidar mallakar fili, da taswirar fili wadda mai awo mai lasisi ya zana, da zanen ginin daga ƙwararren mai zane. Idan bene ne, sai da lissafin injiniya da ke nuna harsashi da ƙarafa za su iya ɗaukar nauyin. Gine-ginen da jama'a ke taruwa a ciki suna buƙatar takardar hukumar kashe gobara. Jami'ai za su zo su duba wurin, kwamiti ya zauna, sannan a yanka kuɗin da za a biya. Izinin gini yana aiki shekara 5. Wanda bai gama ba a cikin wannan wa'adi sai ya sabunta.

Matsalar da ta fi damun mutanenmu ita ce takardun fili. Yawancin gidajen zango gidajen gado ne, takardar na ɗauke da sunan kaka, magada kuma sun yi yawa. Shawararmu ita ce a fara zama da dangi a samu yardar kowa a rubuce, a daidaita takardu a Hukumar Filaye, kafin a sauke yashi da siminti. A kuma guji 'yan tsakani masu alkawarin famit cikin kwana biyu. A biya kuɗi a ofis, a karɓi rasit.

Abin da ke biyo bayan saɓawa

Kowa ya san jan fentin nan da jami'ai ke rubutawa a bango cewa a tsayar da aiki a kawo famit. Bayansa akwai tara, kuma doka ta ba majalisa ikon rushe ginin da aka yi ba izini, musamman wanda ya hau hanya ko magudanar ruwa. Gumin shekaru sai ya tafi a wuni ɗaya.

Amma asarar dukiya ita ce ƙarama. A ranar 7 ga Nuwamba 2012, benen da kantin Melcom ke haya a ciki a Achimota ya rufta, mutum 14 suka rasu, hukumomin birni kuma suka ce ginin ba shi da izini. A ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara a gidan mai da ke Kwame Nkrumah Circle sun ci rayuka fiye da 150. Daga cikin abubuwan da ke kawo irin wannan ambaliya akwai gini a kan hanyar ruwa. Babbar kwatar Nima a kogin Odaw take zubewa. Wanda ya matse ta da ɗaki ɗaya, ruwan da ya hana wucewa a ɗakin maƙwabcinsa zai kwana.

Mun san jinkirin ofis yana da gajiyarwa, kuɗin zane kuma yana da nauyi ga talaka. Duk da haka, rigakafi ya fi magani. Kafin ka kira magini, ka je majalisa, ka kuma zauna da maƙwabcinka ka nuna masa inda tagarka za ta fuskanta da inda ruwan indararonka zai zuba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa albarka a gidajenmu.