Daga Tangaraho Zuwa Salula: Yadda Waya Ta Iso Hannunmu

Har gobe muna cewa "buga mini waya", alhali abin da ke cikin aljihunmu ko zare babu a jikinsa. Dalili shi ne sunan ya girmi na'urar. A zamanin kakanninmu, waya ita ce silin ƙarfen nan da Turawan mulkin mallaka suka ja a kan turaku daga gari zuwa gari, kuma idan aka ce an buga wa mutum waya, saƙon tangaraho ake nufi. Ma'aikaci ne zai zauna gaban wani ɗan maɓalli yana ƙwanƙwasa shi, lantarki na tafiya yana yankewa, gajere da dogo, na can ɗaya gefen kuma yana mayar da bugun zuwa haruffa a takarda. Samuel Morse ya aika irin wannan saƙo daga Washington zuwa Baltimore a 1844, a 1886 kuma igiyar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan. Ba don mu aka jawo ta ba. Gwamna ne ke son jin umarnin iyayen gidansa da wuri, kamfanonin Turawa kuma na son jin farashi.

Mu da neman abinci ya zaunar a Kurmi, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, Shagamu, Anacha da Fatakwal, wannan tarihi ya shafe mu fiye da na gida, domin mu ne muka san tsadar labari.

Tangaraho bugu kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya. Wanda aka ba wa takardar mallakar fasahar tura murya shi ne Alexander Graham Bell, haifaffen Edinburgh a Sikotland, wanda ke koyar da kurame magana a birnin Boston na Amurka. Mahaifiyarsa ba ta ji sosai, matar da ya aura ma kurma ce, don haka kunne da sauti su ne aikinsa tun kafin ya taɓa lantarki. Abin da ya gina a kai ba mai wuyar ganewa ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan fatar ganga ana kiɗa. Murya girgiza ce a cikin iska. Idan aka sa siririn faifan ƙarfe a gaban maganaɗisun da aka naɗe da waya, aka yi magana a kansa, faifan zai yi rawa daidai da muryar, rawar kuma ta sa lantarkin cikin wayar ya riƙa hawa da sauka a kan wannan salo. A ɗaya ƙarshen sai a juya aikin: lantarkin ya girgiza wani faifan, faifan ya girgiza iska, kunne ya ji. Ke nan ba muryar ce ke bin waya ba, kwafinta ne.

An ba Bell takardarsa ranar 7 ga Maris, 1876, kwana uku bayan haka ya kira mataimakinsa Thomas Watson daga wani ɗaki, Watson ya ji shi ya taho. Sai dai maganar "wa ya fara" ba ta taɓa mutuwa ba. A ranar da lauyan Bell ya kai takardunsa ofis, 14 ga Fabrairu, a ranar ce wani Elisha Gray ya kai nasa bayanin a kan irin wannan na'ura. Akwai kuma Antonio Meucci, ɗan Italiya mazaunin Amurka, wanda ya shigar da sanarwar nasa aikin tun 1871 amma talauci ya hana shi ci gaba da biyan kuɗin sabunta ta. Sai a 2002 Majalisar Wakilan Amurka ta yi ƙudurin tunawa da aikinsa, shekara fiye da ɗari bayan ya mutu. Tarhon Bell ɗin ma muryarsa ba ta da ƙarfi. Thomas Edison ne ya kawo dabarar zuba ƙananan ƙwayoyin gawayi a bakin tarho, waɗanda idan murya ta matsa su sai su ƙyale lantarki ya wuce da yawa, idan ta saki ya ragu. Da wannan gawayi duniya ta yi kusan shekara ɗari tana magana.

Matsala ta gaba ta lissafi ce. A ce mutum ɗari ne ke da tarho a gari, kowa kuma yana son layi kai tsaye zuwa ga kowa, sai an ja layi 4,950. Don haka aka ƙirƙiro cibiya: kowane gida ya ja layi ɗaya zuwa can, ma'aikaciya na zaune gaban allo mai ramuka, ka gaya mata wanda kake nema, ta soka igiya ta haɗa ku. An buɗe cibiyar kasuwanci ta farko a New Haven a 1878. Wanda ya fara raba ma'aikaciyar da wannan aiki kuwa ba injiniya ba ne, mai sana'ar shirya gawa ne a Kansas City, sunansa Almon Strowger. Ana ba da labarin cewa ya zargi mai haɗa layi da karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa, haushi ya sa ya ƙera injin da ke haɗa kira da kansa, ya yi masa rajista a 1891. Daga zuriyar wannan inji aka samu tarhon da ake juya lambobinsa da yatsa.

Duk da wannan ci gaba, abu guda bai canza ba, kuma shi ne ya tsare mu shekara da shekaru: kowane tarho sai an ja masa tasa wayar tagulla tun daga cibiya har cikin ɗaki. Ana buƙatar turaku, haƙa, tagulla mai tsada, da ma'aikacin da zai hau ya gyara idan ruwan sama ya shiga. Ƙasar da ba ta gama kai wa mutane famfo ba, yaushe za ta kai musu wannan? Lokacin da aka samu 'yanci a 1960, layukan tarho a Najeriya duka 18,724 ne. Sashen P&T ke kula da na cikin gida, NET ke kula da na waje, a 1985 aka haɗa ɓangaren tarhon aka kira shi NITEL. Shekara arba'in bayan 'yanci, ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari tana fama da layi wajen dubu ɗari huɗu. Mutum zai cika takarda ya jira shekaru. Har an jingina wa wani ministan sadarwa na zamanin soja maganar cewa tarho ba na talaka ba ne. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, babu talakan da ya yi gardama.

Manyanmu na nan da rai, a tambaye su yadda ake yi. Wasiƙa ce, da boko ko da ajami, a kai tasha a damƙa wa direban da ya sauke shanu zai koma Arewa. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi mai rubuta masa, asirin gidansa ya bi ta kunnen wani kafin ya isa. Da rakoda ta yawaita sai aka koma ɗaukar murya a kaset, a gaishe da kowa da sunansa, a naɗe da takarda tare da 'yan kuɗin cefane. Wasu su aika gaisuwa ta filin zaɓi sonka na Rediyon Kaduna. In abu ya yi tsanani a je ofishin NITEL a bi layi, a buga 064 in Kano ce, 062 in Kaduna ce, 060 in Sakkwato ce, a samu gidan wani mai hali a unguwa, a roƙi a kira wane, a ajiye lokacin da za a sake bugowa. Da yawa daga cikinmu sun ji rasuwar iyayensu bayan an yi sadakar bakwai.

Kasuwanci ma a kan wannan ƙarancin labari aka gina shi. Goro ba ya jira, saniya kuma kullum tana kan hanya tana ramewa. Wani masani Bature, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta cewa abin da ya riƙe wa Hausawa cinikin goro da shanu shi ne amana da saurin isar da labari a tsakaninsu. Maigida a Sabo shi ne masauki, shi ne mai tsaya wa bashi, shi ne kuma wanda ya san yadda kasuwa ta kwana a Kano. Aikin da cibiyar tarho ke yi da igiyoyi, shi yake yi da mutane.

Abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne yanke wayar. Tun 1947 injiniyoyin Bell Labs suka zana dabarar a takarda. Hanyoyin rediyo a iska ba su da yawa, in aka kafa doguwar eriya ɗaya ta rufe gari duka, mutane kaɗan ne za su yi magana a lokaci guda. Sai aka ce a yanka gari ƙanana-ƙanana kamar fegi, kowane yanki da ƙarfensa mai gajeren zango. Yankuna biyu da suka yi nisa da juna za su iya aiki da zango ɗaya, kamar yadda kasuwannin ƙauye biyu ke ci rana ɗaya ba tare da sun kashe wa juna ciniki ba, muddin ba maƙwabta ba ne. Daga sunan waɗannan yankuna a Turance muka samo kalmar salula. Idan kana cikin mota daga Lokoja zuwa Abuja kana magana, ƙarafan ne ke miƙa kiranka daga wannan zuwa wancan ba ka sani ba. Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a kan titin New York ranar 3 ga Afrilu, 1973, da na'urar da ta haura kilo ɗaya. Ƙasashen Turai kuma suka haɗu a kan tsari guda mai suna GSM, aka fara aiki da shi a Finland a 1991. A wannan tsari ana mayar da murya lambobi kafin a tura, lambar mutum kuma tana cikin ɗan katin SIM, ba a jikin wayar ba.

Mu sai a 2001 ta iso mana. An yi 090 ta NITEL kafin nan, amma wannan ta manya ce. A watan Janairun shekarar hukumar NCC ta yi gwanjon lasisi a Abuja, kowane ɗaya dala miliyan 285, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, kira kuma naira hamsin a minti, ko da sallama kawai ka yi ya yanke. Sai da Glo ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa sannan sauran suka bi, bayan an sha gaya mana cewa abin ba zai yiwu nan kusa ba. Zamanin lema da teburi ke nan a bakin titi, da filashin, da kwana ana hira saboda kiran dare kyauta. Kafin 2002 ta ƙare layukan salula sun wuce miliyan ɗaya, sun bar abin da NITEL ta tara tun kafuwarta a baya. A 2020 sun haura miliyan 200. Ba wai mun fi iyayenmu son magana ba ne. Ƙarfe ɗaya a unguwa yana ɗaukar dubban mutane, babu mai jiran a ja masa tagulla.

Yau manomin tumatir a Kadawa zai ji yadda kwando ya tashi a kasuwar Mile 12 kafin ya yi lodi, mai shanu a Potiskum ya ga hoton kasuwar Legas a hannunsa. Wannan ya rage wa dillali wani abu, ya rage wa maigida wani abu, kuma ba duka ne asara ba, domin ba kowane mai riƙe da labari ne ke faɗin gaskiyarsa ba. Amma waya ba ta tsaya wa kowa bashi, ba ta kuma san wanda ke ɗaya gefen ba, shi ya sa 'yan damfara da masu yaɗa jita-jitar rikici suka samu abin hawa. Kaset ɗin nan kuwa bai mutu ba, shi ne ya dawo a matsayin saƙon murya na WhatsApp, har da jerin gaisuwar.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, wayar hannu ba ta rabu da waya ba sai a idonmu. Idan ka kira Gusau daga Agege, tafiyar da muryarka ke yi a iska ba ta wuce daga kunnenka zuwa ƙarfen sabis mafi kusa ba. Daga nan mafi yawan tafiyar a cikin igiyar gilashi ce da aka binne a gefen titi, wadda ke ɗaukar saƙo da haske, ko kuma ta faranti daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Ƙarafan suna cin man dizal dare da rana. Katafilar masu aikin hanya na iya tsinke igiyar, sabis ya ɗauke a jiha guda. Layin kansa ma da izini yake aiki, kamar yadda muka gani tun daga Disamban 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a rufe.

A farkon Satumban 2021 gwamnati ta sa aka kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba a tuge ƙarfe ko ɗaya ba, umarni kawai aka bai wa kamfanoni. Mutanen Gusau suka riƙa hawa mota har Funtuwa don su yi kira ɗaya su koma, ba a jima ba aka rufe Funtuwar ma tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina, daga baya abin ya taɓa sassan Sakkwato da Kaduna. Wasu wuraren sun yi makonni, wasu watanni. 'Yan uwanmu Zamfarawa da ke nan Kurmi, masu aika kuɗin abinci gida ta waya duk mako, suka nemo biro da takarda, suka koma tasha neman direban da ya san ƙauyensu.