Kabarin Sarauniya Nafartari

A yammacin Kogin Nilu, daura da birnin Luksor na ƙasar Masar, akwai wani kwari tsakanin duwatsu da ake kira Kwarin Sarauniyoyi, inda Fir'aunonin dā suka riƙa binne matansu da 'ya'yansu. Kuma a cikin kaburburan wannan kwari, ma'abota ilmin tarihi sun yi ittifaƙi cewa babu wanda ya kai na Nafartari kyan zane, wanda suka sa wa lamba QV66. Ita ce uwargidan Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta wajen shekara ta 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma daraja tata a wurinsa ta kai har ya sa aka sassaƙa mata ɗakin bauta a jikin dutse a Abu Simbel, kusa da nasa, alhali kuwa irin wannan karamci ba kasafai matan sarakunan Masar suke samunsa ba. Wasiƙarta zuwa ga Fuduhefa, sarauniyar Hittiyawa, bayan sulhun da mazajensu suka ƙulla, tana nan har yau. Ta rasu wajen shekara ta 1255 kafin miladiyya.

Shi kabarin an haƙa shi ne cikin dutse, ana sauka da matakala zuwa zaure, daga nan a sake gangarawa zuwa ɗakin binnewa mai ginshiƙai huɗu, wanda aka shafe rufinsa da shuɗi aka zuba masa taurari rawaya. Zane-zanen bangon, da suka mamaye kimanin murabba'in mita 520, suna bayyana tafiyar sarauniya zuwa lahira bisa aƙidar mutanen wancan zamani: ga ta cikin farar riga tana wasan senet, wanda ya ɗan yi kama da dara, ga ta gaban abin bautarsu Tot tana neman alƙalami da tawada, ga ƙofofin lahira da masu gadinsu riƙe da wuƙaƙe, tare da nassoshin Littafin Matattu da ake son ta sani kafin a ba ta hanya. Abin lura, duk girman Ramsis da son da yake yi a ga surarsa a ko'ina, ba a zana shi a cikin kabarin ba.

Sa'ad da Ernesto Schiaparelli, shugaban gidan kayan tarihin Masar na birnin Turin a Italiya, ya gano kabarin a 1904, ya tarar ɓarayi sun riga shi tun zamanin dā, ba su bar komai ba sai gutsattsarin murfin akwatin gawa na jan dutse, da 'yan gumaka, da takalman saƙa, da ragowar ƙafafun gawa daga wajen gwiwa, waɗanda binciken da aka wallafa a 2016 ya rinjayar da cewa nata ne.

Amma babbar musibar da ta sami kabarin daga jikin dutsen kansa ta fito, domin yana ɗauke da gishiri, wanda danshi yake narkarwa, idan ya bushe kuma ya kumbura a ƙarƙashin yaɓen ya ɓamɓare shi. Numfashi da gumin masu ziyara suka ƙara ta'azzara lamarin, har hukuma ta rufe shi wajen 1950. Daga 1986 zuwa 1992 Hukumar Kayan Tarihi ta Masar da Cibiyar Getty ta Amurka suka yi aikin ceto, ƙarƙashin jagorancin Paolo Mora da matarsa Laura, inda aka kankare gishirin, aka manna abin da ya ɓalle, ba tare da an ƙara fenti sabo ba, wanda a ganina shi ne mafi hikimar hukuncinsu. An buɗe shi a 1995 da sharaɗin mutum 150 a yini, aka sake rufewa a 2003, sannan aka buɗe a 2016, inda aka riƙa ba mai ziyara 'yan mintoci kaɗan kawai a ciki.